Yaro Mai Taurin Kai a Gaban Kwano

Ya ku iyaye, wannan darasi domin gidan da ke da yaro ɗan shekara ɗaya zuwa uku ne, wanda ya iya tafiya, ya iya cewa "a'a", ya kuwa fi son faɗinta sa'ad da aka ajiye masa abinci. Ke uwa kin tashi tun asuba, kin yi surfe, kin yi daka, kin ɗebo ruwa, kin dama kunu. Kin miƙa masa ludayi, ya kau da kai. Kin sāke miƙawa, ya datse baki. A na uku ya buge hannunki, kunu ya zube a zane. A ƙasar Adar, inda gero ba ya samuwa da sauƙi, duk wanda ya ga hatsi a ƙasa dole ransa ya ɓaci. Bayan ɓacin rai kuma ga tsoro, gama kowa a cikinmu ya san gidan da yaro ya yi ta ramewa har aka rasa shi.

Sabili da haka ba za mu ce muku ƙaramar magana ce ba. Amma ku lura, yaran da ke ƙin abinci iri biyu ne. Akwai wanda ba ya so, akwai kuma wanda ba ya iyawa. Maganinsu ba ɗaya ba ne, kuma aikinku na fari shi ne ku san wanne ke gabanku.

Wanda ba ya iyawa

Yaro mai taurin kai yana da ƙarfin yin taurin kan. Yana gudu, yana wasa, yana ƙwace abin da ke hannun yayansa. Ya ƙi tuwo da dare, amma da safe ga shi yana bin mai ƙosai da ido. Yaro marar lafiya kuwa yakan ƙi kome, har abin da ya fi so, wani lokaci har nono. Yakan kwanta shiru, ko ya yi ta kuka marar ƙarfi. Ku taɓa jikinsa, ko da zafi. Ku buɗe bakinsa ku duba ko akwai gyambo ko fari-fari a harshe. Ku ja fatar idonsa ta ƙasa, ku dubi tafin hannunsa: in sun yi fari fat, jini ya ragu. Ku tuna ko ya yi gudawa, ko tari, ko baƙon dauro kwanan baya. Zazzaɓin cizon sauro da tsutsar ciki su ma manyan masu kashe marmarin abinci ne.

Ga gwaji biyu da kowace uwa za ta iya yi a ɗakinta. Na ɗaya, ki danna bayan ƙafafunsa duka biyu da babban yatsa, ki ƙirga uku a hankali, ki ɗaga. Idan rami ya zauna a ƙafa biyun, wannan kumburin tamowa ne, ko da yaron yana kama da mai ƙiba. Kada ki kwana da shi a gida. Na biyu shi ne awon dantse da igiyar nan mai launi uku da ake samu wurin ma'aikatan lafiya, wadda ake auna yara daga wata 6 zuwa shekara 5 da ita. Ana naɗa ta a tsakiyar dantsen hagu, tsakanin kafaɗa da gwiwar hannu. Kore, watau santimita 12 da rabi ko fiye, lafiya ke nan. Rawaya, tsakanin 11 da rabi da 12 da rabi, yaro ya fara zamewa. Ja, ƙasa da 11 da rabi, hatsari ne, sai likita a ranar.

Mutanen Madawa da Buza da Keita ba su manta shekarar 2005 ba, wadda ta biyo bayan farin 2004 da ɓarnar fāra. A lokacin ne wuraren jinyar tamowa suka yawaita a jihar Tawa, mutane suka saba da abincin gyaɗan nan na cikin leda da ake kira Plumpy'Nut. Ku lura da abin da ma'aikatan lafiya ke yi in aka kawo musu yaro ramamme. Sukan ba uwar leda ɗaya, su zaunar da ita gefe, su duba ko zai ci. In ya ci, sai a ba ta na mako ta koma gida. In ya kāsa, sai a kwantar da shi a CRENI. Ashe ko a wurin likita, ƙin ci alama ce da ake aunawa, ba laifi ba ne da ake hukuntawa. In kuwa an ba ku ledar nan, magani ce ta yaro ɗaya. Kada a raba ta da sauran yaran gida.

Abu biyu sukan jinkirta iyaye a hanya. Na fari, a ce haƙori ne. Fitar haƙori takan sa yaro ya yi fitina kwana kaɗan, amma ba ta kawo zazzaɓi mai zafi, ba ta kawo gudawar mako guda. Na biyu, a ce belu ne, a kira wanzami. Ɗan naman nan na cikin maƙogwaro kowane mutum yana da shi, ba shi ne ke hana ci ba. Yanke shi yakan jawo zubar jini da ƙwayar cuta, ya kuma bar ciwo a daidai wurin da abinci zai wuce. Kuɗin wanzami da na maganin buɗe ciki da ake talla a kasuwa, wanda galibi barci yake sa yaro, gara a yi kuɗin mota da su zuwa CSI mafi kusa, ko asibitin Madawa, ko na Galmi wanda ke karɓar marasa lafiya tun 1950. A damina kuma kada ku bar yaro ya rasa maganin rigakafin zazzaɓi na wata-wata, wanda aka soma rabawa a Nijar a 2013, Madawa da Buza na cikin wuraren farko.

Wanda ba ya so

To, an duba, igiya ta nuna kore, jiki ba zafi, yaro yana ta ɓarna a tsakar gida, amma in an zo kan kwano sai faɗa. Sauran darasin nan nasa ne.

Ku fara sanin cewa ba ya bukatar yawan da kuke tsammani. Jariri yakan zo duniya da nauyin kilo 3 ko kusa da haka, kafin ya cika shekara ya kai wajen kilo 9. Ya ninka kansa uku ke nan. A shekara ta biyu kuwa abin da zai ƙara bai wuce kilo 2 zuwa 3 ba. Girma ya rage sauri, yunwa ma ta rage. Uwa ta saba da jaririn da ba ya ƙoshi, sai ta ga kamar wani abu ya lalace, alhali haka jiki yake tafiya. Cikinsa ma ƙarami ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yaro mai wata 12 zuwa 23 ya ci sau uku ko huɗu a yini, kowane ci wajen kofi ɗaya mai ɗaukar rubu'in lita ko ƙasa da haka kaɗan, da ɗan abin taɓawa sau ɗaya ko biyu, tare da nono har shekara biyu ko fiye. Ku ɗauki kofi irin wannan ku juye a kwanon da kuke zuba masa. Da yawa za su ga ashe rabon ɗan shekara bakwai suke ɗora masa.

Sa'an nan akwai tsoron baƙon abu. Jariri yakan kai kome baki, amma daga wajen shekara biyu yaro yakan fara ƙyamar abin da bai sani ba, musamman mai ɗaci da ganye. Masana da yawa suna ganin kariya ce. Ku yi tunani: a daidai lokacin da ya iya fita bayan gida shi kaɗai, inda tumfafiya da zurma da haukata-yaro suke, a lokacin ne bakinsa ya fara tsantseni. Abin da ke hana shi tauna ganyen dafi shi ne ke hana shi karɓar kwaɗon zogale a rana ta fari.

Na uku shi ne son kansa. Ya gano shi mutum ne dabam da uwarsa, yana kuma gwada iyakar ikonsa. Kusan kome na rayuwarsa a hannunku yake. Ku ke ɗaukarsa, ku ke ajiye shi, ku ke yi masa wanka ko yana so ko ba ya so. Abu kaɗan ne suka rage a hannunsa, haɗiya tana cikinsu. Kuna iya ƙwace wuƙa daga hannunsa da ƙarfi, ya kuwa kamata ku ƙwace. Amma ba mai iya haɗiye masa loma.

Maganar ɗura

A nan dole mu daɗe, gama al'ada ce da muka tarar, iyayenmu kuma da ƙauna suka yi ta. Uwa ta kwantar da yaro a cinya, ta matse ƙafafunsa da nata, ta tara tafin hannu a bakinsa, ta zuba kunu, ta toshe masa hanci. Yaro ya nemi numfashi, ya buɗe baki, kunu ya shige. Cikin ɗan lokaci ƙwarya ta ƙare, ciki ya tashi, uwa ta koma kan aikinta. Macen da gona ke jiranta, ga icce, ga rijiya, wa zai ce bai gane dalilinta ba?

Amma ku dubi yadda maƙogwaro yake. Hanya biyu ce a wuri ɗaya, ta abinci a baya, ta numfashi a gaba. Sa'ad da mutum ya haɗiya da son ransa, wani ɗan murfi yakan rufe hanyar numfashi har abincin ya wuce. Yaron da ke kwance, yana kuka, an toshe masa hanci, yana jan iska ne a daidai lokacin da kunu ke zuba. Murfin ba ya samun rufewa. Kunu ya bi hanyar huhu. In da yawa ne, yaro ya shaƙe nan take a cinyar uwarsa, wannan kuwa ya sha faruwa. In kaɗan ne, ya yi tari ya wuce, bayan kwana ɗaya ko biyu sai zazzaɓi da numfashi sama-sama da haƙarƙari yana shiga ciki. A ce sanyi ne ya kama shi, ko iska. Ciwon huhu ne, daga ƙwaryar kunu ya fito.

Ko ɗura ba ta kai ga haka ba, tana koya wa yaro wani darasi. Yana ganin ludayi sai ya tuna da shaƙewa. Gobe zai ƙara ƙi, ke kuma ki ƙara matsewa, jibi ya fi haka. Ɗura ita ke haifar da bukatar ɗura. Haka tsumagiyar uba take, haka kiran dodo, haka cewa za a kai shi likita a yi masa allura. Wannan na ƙarshe ma ya fi muni, domin ran da ciwo na gaske ya zo, kun riga kun mai da mai magani abin tsoro.

Wani uba zai ce, "Ba an koya mana mu hori 'ya'yanmu ba? In na bar shi ya yi abin da ya ga dama tun yanzu, ina zai tsaya?" Tambaya ce mai kyau, horo kuwa wajibi ne. Yaron da ya jefar da tuwo, ko ya mari ƙanwarsa a kan kwano, a tsawata masa, a ɗauke shi daga wurin. Wannan hali ne, hali kuwa ana gyara shi. Amma ƙoshi ba rashin biyayya ba ne. Kai ma in aka cika maka akushi na biyu bayan ka ƙoshi, aka tsaya a kanka da sanda, ba ladabi za ka koya ba. Kada kuma ku yi gaggawar karya taurin kan nan. Waɗanda suka ga aikin raya ƙasa na Keita, wanda aka soma a 1984, sun san irin mutanen da suka yi ta jidar duwatsu a ka, yawancinsu mata, har faƙo ya sāke fid da itace da hatsi. Mai saurin sallamawa ba ya noma a Adar. Yaron da ya iya ce muku "a'a" yau, shi ne zai iya faɗa wa mugayen abokai ita gobe.

Rabon aiki

Wata likitar yara a Amurka, Clara Davis, ta yi wani gwaji da ta fara ba da labarinsa a 1928, ta cika shi a 1939. Yara 15 ne waɗanda ba a daɗe da yaye su ba. Kowane lokacin ci a jera musu abinci iri iri a ƙananan kwanoni, masu reno kuwa an hana su matsa wa yaro ko su zaɓa masa. Wani yaro ya yi kwanaki yana cin abu ɗaya, sa'an nan ya juya ga wani. Wata rana su ci da yawa, wata rana kaɗan. Duk da haka dukansu suka yi girma lafiya. Sai dai ku riƙe wannan: cikin abin da ta jera musu babu alawa, babu sukari. Kome yaro ya ɗauka, mai amfani ne. Zaɓen farko na manya ne.

Ga rabon ke nan. Ku iyaye ku ke da ikon abin da za a ci, da lokacin ci, da wurin ci. Yaro kuma shi ke da ikon yawan da zai ci daga abin da kuka ajiye. Kada ku shiga gonarsa, kada ku bar shi ya shiga taku.

Lokaci ya zama sananne: da safe, da hantsi, da rana, da la'asar, da dare. Tsakanin waɗannan, ruwa mai tsabta da nono sun isa. Yaron da ke yawo da biskit ko alawar dala biyar a hannu, ko yana kurɓar shayin babansa, ba zai zo kan tuwo da yunwa ba. Shayi ma yana hana jiki ɗaukar sinadarin ƙarfe da ke ƙara jini. Farau-farau da tsararriyar fura su ma sukan cika ciki da ruwa, su bar yaro ba ƙoshi ba yunwa.

Ku ba shi kwanonsa. Cin tarayya yana da kyau, zai kuwa kai gare shi, amma ɗan shekara biyu a kwano ɗaya da 'yan shekara takwas, kafin ya gama hura loma ɗaya sun sid'e miya. Da kwanonsa ne za ki san abin da ya ci da gaske. Ki zuba kaɗan, in ya cinye ki ƙara. Ki wanke hannunsa da naki da sabulu, ki bar shi ya ci da kansa ko zai ɓata jiki, ki shimfiɗa tabarma ko faifai domin abin da ya zube. Ki zauna kusa, ki ci naki yana gani, ki yi masa magana mai daɗi, in ya yarda ki taimaka masa da loma. Mai taurin kai yana son a tambaye shi, to, ki tambaye shi abin da duk amsar da ya bayar ta yi miki: "Wake za ka fara ci ko kabewa?" Kada ki ce, "Me kake so?" gama wannan tambaya ba ta da iyaka.

Idan ya ƙi, ki ɗan lallashe shi sau biyu ko uku. Bayan kamar rabin sa'a ki ɗauke kwano, ba zagi, ba roƙo, ki rufe. Kada ki tashi ki dafa masa wani abu dabam, kada ki aika a sayo masa biskit domin ya yi shiru. Zai yi kuka, zai yi birgima. Lokacin ci na gaba bai wuce sa'a biyu ko uku ba, yaro mai lafiya kuwa ba abin da zai same shi kafin nan. Kwana uku na fari su ne masu wuya. Amma ku ji da kyau, wannan ka'ida ta yaron da igiyarsa ta nuna kore ce. Wanda ke rawaya, ko wanda ya tashi daga ciwo, shi kam a bi shi da abinci kaɗan-kaɗan sau da yawa, da haƙuri, da abin da ya fi so, amma shi ma ban da ɗura.

Tun da cikin ƙarami ne, kowace loma ta zama mai nauyi. Kunu ya yi kauri har ya zauna a cokali in an karkata shi. A zuba masa garin ƙuli-ƙuli ko tunkuza, ko garin soyayyen wake, da ƙaramin cokali na mai, ko nonon shanu da aka tafasa. Kwarin Maggiya da lambunan rani suna ba da zogale, da kabewa, da tumatir, da karas, da dankali. Garin busasshen zogale cikin miyar kuka ba ya nuna kansa. Dakakkiyar fāra da busasshen kifi abincin gina jiki ne. Gyaɗa kuwa a daka ta tukuna, domin ƙwayarta takan maƙale a hanyar numfashin ƙaramin yaro, wadda ta yi fumfuna kuma a zubar. Sabon abu a sa kaɗan kusa da wanda ya saba. In ya tofar, ba a gama ba. Yara da yawa sai an gwada musu abu sau goma, har goma sha biyar, a ranaku dabam dabam, kafin su karɓa. Yawancinmu a na biyu muke cewa, "Ba ya cin wannan."

Ƙwai fa? An ce yaron da ya saba da ƙwai zai yi sata. Mun ga ɓarayi da yawa da ba su taɓa ɗanɗana ƙwai suna yara ba. A damina zabi suna zuba ƙwai, a kwashe duka a kai kasuwa, a sayo wa yaro biskit da kuɗin. Wannan ciniki faɗuwa ce. Dafaffen ƙwai ɗaya ya fi ledar biskit nesa, yaro mai taurin kai kuma yana son abin da zai riƙe a hannunsa ya ci da kansa. Kai uba, ran kasuwar Madawa ko ta Buza, in ka tsaya wurin mai tsire, ka tuna tsoka ɗaya ko 'yar hanta da za ka ƙunso ta fi amfani a jikin ɗan shekara biyu fiye da naka. In ka zauna ka ba shi da hannunka, sau da yawa abin da ya ƙi karɓa wurin uwarsa zai karɓa wurinka, domin ba da kai ya saba faɗan ba.

Sai ku haɗa baki da sauran mutanen gida. In uwa ta ɗauke kwano, kaka ta kira shi ɗaki ta ba shi sukari, aikin ya rushe, yaron kuwa ya gane ƙofar da zai riƙa bi. Ku je wurin kaka da ladabi ku ce, "Inna, ga abin da muke gwadawa, ki taimake mu mako biyu." Ku roƙe ta ta riƙa ba shi nata kason a lokacin ci, ta bar ɗura. Ita ce ma ta fi kowa lokacin zama kusa da shi. Haka yarinyar da ake bar wa reno in an tafi gona: a nuna mata kwanonsa da lokacinsa, a rufe abincin, wanda ya daɗe a ajiye kuma a sāke tafasa shi.

Yaye ma a yi shi da lura. Yaron da aka cire daga nono rana ɗaya, aka kai shi wani gari wurin kakarsa, ya rasa nono da uwa gaba ɗaya, ƙin abinci kuwa shi ne bakin da yake da shi na faɗin baƙin cikinsa. A rage nono sannu sannu cikin makonni, bayan ya riga ya saba da kwanonsa, kada kuma a yaye shi yana ciwo ko ana tsakiyar ƙarancin hatsi in da hali. Uwa mai sabon ciki tana iya ci gaba da shayarwa, nononta bai zama dafi ba, sai dai ita ta ƙara ci.

Kada ku auna shi da abin da ya ci yau. Ku duba na mako guda, ku kuma riƙa kai shi awo da katinsa, a ba shi bitamin A da maganin tsutsa duk wata shida. In layin nauyi a katin yana hawa, ko a hankali, abin da yake ci yana isarsa. In ya tsaya wata biyu a jere, ko ya gangara, ku koma wurin ma'aikacin lafiya da katin, ku faɗa masa abin da yaron ke ci, da abin da yake ƙi, da ranar da abin ya soma.